Watan Gani: Tarihin Daura a Ranakun Bikinta

Kakata ba ta taɓa kiran wata na uku na shekarar Musulunci da sunan Rabi'ul Awwal ba. A bakinta watan Gani ne, kamar yadda Muharram yake watan Cika-ciki, Rajab kuma watan Azumin Tsofaffi. Da waɗannan sunaye take auna rayuwarta duka. Idan aka tambaye ta shekarar da aka haifi mahaifina, sai ta ce da Gani biyu ya riga babbar fari, shi ke nan ta gama magana. Ina yaro nakan yi mata dariya, ita kuma ta ce, "Maigidan, kai da kake ƙirga da takarda, in takardar ta jiƙe fa?" Sai da na girma na shiga karatun tarihi na gane cewa tsohuwar nan wani kundi take riƙe da shi, wanda mu 'yan boko muke da shafi ɗaya kawai daga cikinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wata gardama ce ta cikin gida. Shekarar da yayana ya dawo daga karatu, ya hana 'ya'yansa fita kallon hawan Gani. Ya ce biki ne da ba shi da asali a addini, ragowar maguzanci ne aka lulluɓe da sunan Maulidi. Kaka, wadda a lokacin ido ya fara yi mata nisa, ba ta ja da shi ba. Cewa kawai ta yi, "To, su kuma yaran a ina za su ga Kaura?" Ya ɗauka ruɗin tsufa ne. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, domin na lura ba ta kare bikin da aya ko hadisi ba. Wani abu daban take tsoron a rasa.

Kowane ɗan Daura ya san labarin da take nufi. Bayajidda ya baro gabas, ya zauna Borno, ya bi ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa. Ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ake kira Sarki. Ya je ya sare kanta. Da gari ya waye, a wata ruwaya, sarauniya Daurama ta aiki Galadima ya gano, ya hango daga nesa ya juyo. Kaura ne ya matsa har ya taɓa ta, ya tabbatar ta mutu. Daga auren Bayajidda da Daurama aka sami Bawo, daga Bawo aka sami waɗanda suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Masana sun daɗe suna tankiya a kan labarin: wasu na ganinsa hoton sauyi ne daga mulkin mata zuwa na maza, wasu na ganin bayani ne na tsohuwar alaƙar ƙasar Hausa da Borno, wasu kuma na cewa an daidaita shi daga baya don ya dace da siyasar wani zamani. H. R. Palmer ya buga wata siga tasa a 1928, tun daga nan kuma kusan kowane littafin makaranta ya kwafe shi.

Amma kafin Palmer, kafin a sami ɗan Daura ɗaya cikin ɗari da zai iya karanta Girgam, kundin sarakunan garin, ta yaya labarin yake isa kunnen talaka? Amsar da na samu ita ce, ba kunnensa kaɗai yake isa ba, har da idonsa. Ranar hawa, labarin kan hau doki ya ratsa gari. Ga Galadima da tawagarsa, ga Kaura da tasa, kowa a gurbin da al'ada ta ajiye masa. Sarautar Magajiya, wadda ita ce sunan sarautar matan da suka mulki Daura kafin Bayajidda, har gobe tana nan a hannun babbar mace ta gidan sarauta, kuma a cikin hawan Sallah na Daura akwai wanda ake kira Hawan Magajiya. Sarki namiji, mai rawani da sandar mulki, yana hawa da sunan sarautar mace. Yaron da ya tsaya a bakin hanya ya tambayi dalili, ya riga ya shiga aji na farko na tarihin garinsu ba tare da an kai shi makaranta ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Wannan shi ne Kauran da Kaka take tsoron jikokinta su rasa gani.

Sai dai ba zan yi wa yayana rashin adalci ba, domin tambayarsa tana da nauyi, kuma ba shi ya fara yin ta ba. Mene ne asalin Gani? A Daura za ka ji masu cewa sunan daga "gani" yake, wato ranar da jama'a ke zuwa su ga sarki da kayan sarauta, har wasu su danganta shi da ranar da mutanen gari suka fito ganin macijiya a mace. Bayani ne mai daɗin ji, na kuma daɗe ina yarda da shi. Abin da ya raunana shi a wurina shi ne yadda sunan ya yi nisa da ƙasar Hausa. Ana bikin Gani a Gumel. Ana yin Gani a Nikki, cikin ƙasar Bargu ta Jamhuriyar Benin, da dawakai da kakaki, a wannan wata dai. Abzinawan Ayar suna kiran bikin Maulidinsu da wannan suna. A ƙasar Nupe, S. F. Nadel ya rubuta maƙala a 1949 a kan Ganin Kutigi, inda zuriyar mutanen da suka zo daga Borno suke riƙe da shi. Da wuya a ce Banufe da Babarge da Ba'abzine duk sun ari kalmar Hausa ta kallon macijiyar Kusugu. Abin da ya fi kama hankali shi ne, sunan da bikin sun bi hanyoyin fatake da malamai, kowace ƙasa da ya sauka ta zuba masa nata kayan. Dagombawan Gana suna da Damba a wannan wata, Kanawa suna da Takutaha mako guda bayan Maulidi, ranar da ake hawa Dutsen Dala. Ko'ina abu ɗaya ake gani: ranar haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta zama kuma ranar da gari yake tuna tushensa.

Akwai wata hujja da ban ji ana yawan kawo ta ba, ita ce ta lissafin lokaci. Bukukuwan Hausawa na kafin Musulunci, irin su buɗar dawa da shan kabewa da kalankuwa, duk a ɗaure suke da damina da kaka da rani. Manomi da maharbi rana suke bi. Gani kuwa wata yake bi. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka bikin yana zagaya yanayin shekara gaba ɗaya cikin kimanin shekara 33. Ni kaina na kalli hawan Gani cikin hunturu, ƙura ta rufe rana, na kuma kalle shi dawakai suna taka taɓo gero na bununi. Bikin da ya yarda ya rabu da kaka ya bi jinjirin wata, ko da a ce yana da wani tsohon tushe, ya riga ya miƙa wuya ga Musulunci a kan abu mafi girma da biki yake da shi, wato ranarsa.

A nan ne wani misali daga nesa ya taimake ni. Mutanen Bengal, waɗanda suke Bangaladash da gabashin Indiya, sun bi kishiyar wannan hanya. Ruwayar da ta fi yaɗuwa a wurinsu ta ce a zamanin Sarki Akbar na daular Mughal, wanda ya hau mulki a 1556, an ga karɓar haraji da lissafin Hijira yana wahalar da manoma, domin lokacin biya yakan zo amfanin gona bai nuna ba. Sai aka tsara musu shekara mai bin rana wadda ta ɗauki ƙirgenta daga na Hijira. Ranar farko ta wannan shekara, Pahela Baishakh, tana faɗowa 14 ga Afrilu a Bangaladash, Musulmi da Hindu duk suna fita. Jerin gwanon da ɗaliban zane na Jami'ar Dhaka suka fara a 1989, da manyan siffofin tsuntsaye da dabbobi, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Su ma kuma suna da malaman da ke cewa wannan fita ba ta Musulmi ba ce. Da na karanta gardamarsu sai na ji kamar a tsakar gidanmu ake yin ta. Bambancin shi ne, su sun ware ranar ƙasa daban da ranar addini, kowace da kalandarta, mu kuwa a Daura mun ɗora su biyun a kan doki ɗaya. Shi ya sa tamu gardamar ta fi wuyar rabuwa.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan zargi sabo ne, wai sai da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 aka fara shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki al'adun sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙ, kuma jihadin da ya fara a 1804 bai tsallake Daura ba. Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Shekara kusan ɗari aka yi ana da Daura fiye da ɗaya: ta Fulani a birni, ta zuriyar tsofaffin sarakuna a Zango, da wata a Baure, ga kuma Damagaram daga arewa tana danna hannu a kan na waje. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rarrabuwa a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne yadda masu gudun hijira suka tafi da sarautunsu cif. Ba su da birni, ba su da Kusugu, amma suna da Galadima da Kaura da Magajiya. Mutumin da aka kora daga gidansa, ya rasa ganuwa da kasuwa, abin da ya rage masa na shaidar cewa shi sarki ne, shi ne ranar da zai hau, a buga masa tambari, kowane mai sarauta ya tsaya a gurbinsa. A ganina a waɗannan shekaru ne biki ya zame wa gidan Daura abin riƙo na gaske.

Da Turawa suka zo, suka raba ƙasar da Faransa, sai suka yi a Daura abin da ba su yi a Kano ko Zazzau ba: suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, shekara 55, ya ga zuwan Bature ya kuma ga tafiyarsa. Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sannan Umar Faruk Umar. Wannan komowa ita ce, a fahimtata, dalilin da ya sa Gani yake da armashi a Daura fiye da manyan biranen da suka fi ta jama'a da dukiya. A can, gidajen da ke mulki daga tutar jihadi suka samo hujjarsu, ba su da bukatar tuna abin da ya gabace ta. A nan kuwa hujjar gidan sarauta ita ce daɗewa. Kirarin garin ma, Daura ta Abdu tushen Hausa, da wannan yake tinƙaho.

Hawan Sallah shi ma yana da nasa sirkin, ko da yake ba a cika tuhumarsa ba. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini da fita Idi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wato kayan da muke ɗauka na gargajiya tsantsa su ma akwai ranar da suka kasance baƙi. Hawan kansa duba rundunar yaƙi ne: hakimai su kawo dawakansu, 'yan lifidi da 'yan sulke su nuna shirinsu, a yi jafi a gaban sarki a jinjina masa. Kalmar "daba" da muke faɗa yau ba ta kakanninmu ba ce. Daga Farisanci ta fito, ta zauna a fadojin Indiya, Ingilishi suka ɗauko ta daga can. A babbar dabar Delhi ta 1911 ne Sarki George na Biyar ya sanar da soke rabon Bengal da mayar da babban birni daga Kalkata zuwa Delhi. Irin wannan taro suka shirya a Kano a 1925 don Yariman Wales, da Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Sarakunan da kowanensu yake karɓar jafi a ƙofar fadarsa, aka jera su suna yi wa wani. Bayan 'yancin kai gwamnatin Nijeriya ta gaji tsarin, ta yi babbar daba a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. A Disamba 2024 UNESCO ta sa dabar Kano cikin jerin da ta sa jerin gwanon Dhaka. Na yi murna, ban ƙi ba, amma na lura cewa da sunan aro aka rubuta ta.

Bukukuwan ƙasa kuwa, gaskiya, ba su yi saiwa a Daura ba. Ranar 1 ga Oktoba mun yi maci muna 'yan firamare, da fararen safa da tuta ta takarda, aka raba mana alewa. Ranar 23 ga Satumba, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sai ma'aikata ne suke tuna ta. Ban taɓa ganin matar da ta yi lalle ko ta ɗinka sabon zane don ɗayansu ba. Mutanen Bangaladash suna fita da asuba ba takalmi ranar 21 ga Fabrairu, don tuna ɗaliban da aka harbe a Dhaka a 1952 saboda harshensu, domin jininsu ne a ciki. Mu namu ranakun daga sama aka sauko mana da su. Abin da ya kawo ƙasa cikin Daura, in ana son gaskiya, Sallah ce: shekaru takwas na mulkin Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, Babbar Sallah takan cika garin da gwamnoni da jiniya, har mai tallan fura ya san sunayen ministoci. Ranar 15 ga Yuli 2025 da aka binne shi a gidansa, taron ya fi na kowace Sallah, babu kakaki babu algaita.

Na taɓa ganin Daura ba hawa. A 2020 annobar korona ta hana, akwai kuma shekarun da rashin tsaro ya sa fada ta ce a tsaya ga addu'a. A lokacin na fahimci yawan bakin da biki yake ciyarwa. Baduku mai ɗinka linzami da jalala, maɗinkin babbar riga, mai rini, mai wanke dawaki, maroƙi da makaɗi, mata masu waina da dakuwa, direban da ke ɗauko 'yan'uwa daga Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, har da na ƙetaren Kwangwalam daga Magarya da Damagaram waɗanda iyakar Bature ta mai da su 'yan wata ƙasa. Wani tsohon baduku a unguwarmu ya ce mini ɗansa ya bar sana'ar a shekarar, ya koma acaba, bai kuma dawo ba. Ba na ɓoye ɗaya gefen: akwai almubazzaranci, akwai wanda Sallah kan wuce ta bar shi da bashi, akwai samarin da ke fakewa da hawa su sha ƙwaya su zare makami, akwai cakuɗuwar da malamai ke kuka da ita kuma suna da gaskiya. Waɗannan duka ana iya gyara su da dogarai da dokar fada. Sana'ar da ta mutu a hannun mai ita ta ƙarshe kuwa, babu dokar da ke tashe ta.

Ni da yayana ba mu daidaita ba, kuma ban sa ran za mu daidaita ba. Shi yana tambaya ne ko an yi wannan a zamanin magabata na ƙwarai, amsar kuwa a fili take, ba a yi hawan Gani a Madina ba. Malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya na garin suna da tasu amsar game da Maulidi, sun fi ni sanin ta, na bar musu. Tawa tambayar ta ɗalibin tarihi ce: garin da kundinsa yake tafiya a kan dawakai sau uku a shekara, in aka tsayar da dawakan, a ina za a ajiye kundin? Na gaya masa cewa masu jihadin da yake girmamawa sun riƙe birnin nan shekara ɗari, ba su cike Kusugu da ƙasa ba. Ya ce rijiya ruwa ce, ba ibada ba. Na ce to hawan ma ai ba wanda ya ce ibada ne. Ya ce to me ya sa sai ranar goma sha biyu ga wata? A nan na yi shiru, domin hujjar da na kafa a sama, cewa bikin ya miƙa ranarsa ga addini, ita ce dai tasa hujjar, ya juyo mini da ita.

Kaka ta rasu cikin watan Cika-ciki, wata biyu kafin Gani. Da watan ya kama, ƙaramar 'yar yayana, mai shekara tara, ta same ni a zaure ta ce, "Baba ƙarami, wai da gaske ne Galadima ya ji tsoron macijiya?" Na ce haka wasu suke faɗa. Ta ce tana so ta ga fuskar na yanzu, ko shi ma matsoraci ne. Na ce ta je ta tambayi babanta. Ta shiga ciki, na ji muryarsu ƙasa-ƙasa, an daɗe. Daga ƙofar fada an fara jin tambari. Da ta fito, da mayafinta a hannu, ta ce ya ce a tsaya daga nesa, kuma a dawo kafin la'asar.